Shata ko Narambaɗa: wa ya fi iya ƙulla waƙa?

Bagobirin Isa:
Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah wanda zai amsa ya zo da hujja. Cikin mawaƙanmu na da da na yanzu, wa ya fi iya tsara waƙa? Ban ce wa ya fi zaƙin murya ba, ban ce wa ya fi tara jama'a ko samun kyautar motoci ba. Wanda ya fi iya ƙulla magana nike nufi, ya samo gindin waƙa, wato amshin da ake komawa gare shi, ya jera ɗiyanta, wato baitocinta, kowane inda ya dace, har in ka zare kalma guda ka ji waƙar ta yi giɓi.

Ni gwanina Ibrahim Narambaɗa Tubali. Makaɗin fada ne, ya yi yawancin rayuwarsa yana kaɗa wa Sarkin Gobir na Isa Amadu kotso. Ubangida guda, abin faɗa kuma sananne: asali, sarauta, kyauta, riƙon talakawa, sai zambo ga waɗanda sunka nemi gado ba su samu ba. Fili ne mai ƙunci ƙwarai. Amma cikin wanga ƙunci ya yi abin da har yau malaman jami'a ba su gama warwarewa ba. Ku saurari Bakandamiyarsa ku ji yadda yake fita daga yabon sarki ya shiga wasa kansa, ya faɗa habaici, ya komo gindin waƙa ba ka ji inda anka yi ɗori ba. Ku saurari Dokin Iska. Doki ne fa, dabba, amma yana waƙar kana jin ƙarar kofato. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza littafi guda ya rubuta a kansa. Na ajiye tawa, ina sauraren taku.

Ɗan Funtuwa:
Wa alaikumus salam Malam. Tambaya ta yi kyau, amsarta kuma ba ta da nisa: Alhaji Mamman Shata. Ka ce Narambaɗa ya yi abin mamaki a fili mai ƙunci. To shi Shata filin ne gaba ɗaya bai bar wa kowa ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa direbobi, 'yan kasuwa, malamai, manoma, ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasa, har kumbon Apollo 11 da Amurkawa suka tura duniyar wata a 1969 sai da ya yi wa waƙa. Kuma mafi yawan wannan a tsaye ya yi shi, kalangu na tashi, jama'a sun yi da'ira. Duk wanda ya taɓa halartar wasansa zai gaya maka, mutum zai shigo fili Shata ya hango shi, kafin ya zauna ya riga ya shiga waƙa, shi da ubansa da garinsu da sana'arsa. Ba takarda, ba gwaji a gida. Shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka. In wannan ba tsara waƙa ba ne, to mene ne?

Bagobirin Isa:
Ɗan'uwa, Shata babba ne, ba mai hankalin da zai musa. Amma yawa daban, ƙulli daban. Ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah, cikin waƙoƙin Shata ba ka taɓa jin wadda rabinta jerin sunaye ne ba? Wane ya ba ni, wane ɗan wane na gode, sai amshi, sai a sake. Kiɗa da murya ke ɗauke da irin waɗannan. Rubuta su a takarda ka karanta ba kalangu, ka ga abin da zai rage. Sa'annan ka rubuta ta Narambaɗa ka karanta.

Ɗan Funtuwa:
To ai waƙa ba don takarda aka yi ta ba Malam. Kuma rubuta Bakandamiyar Shata ka gani ko za ta rage. Rubuta wadda ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Akwai dalilin da ya sa da ya rasu a 1999 Daura aka kai shi aka binne.

Malamin Hausa:
Salamu alaikum. Ku ba ni dama in sa baki, don wannan darasi ne da nake koyarwa a aji, kuma kullum ɗalibai a nan suke rabuwa biyu.

Abin da ya kamata mu fara lura da shi, mutanen nan biyu ba aiki iri ɗaya suke yi ba. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Sa'idu Faru da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, waƙarsu shiryayya ce. Jagora zai samo gindin waƙa, ya tara yaransa a gida, a yi ta bita, a gyara, a zubar da ɗan da bai yi ba, sai ta nuna sannan a kai ta gaban sarki ranar salla ko naɗin sarauta. Kuskure a fada yana da tsada. Kalma ɗaya ta zambo in ta faɗa kan wanda bai kamata ba, makaɗi zai iya rasa gindin zama. Shi ya sa kowace kalma aunanniya ce, habaicin kuma a lulluɓe, wanda aka yi dominsa ya gane, bare ya wuce bai sani ba.

Shata kuwa makaɗin jama'a ne. Amshinsa gajere ne, layi ɗaya ko biyu, yaransa na maimaitawa, shi kuma cikin 'yan daƙiƙun da suke amshi yake haɗa ɗan da zai biyo. Wannan gajeren amshin shi ne sirrin aikin, numfashi ne da lokacin tunani. Haɗa su gasa kamar a haɗa masaƙin da ya kwana arba'in kan zane guda ne da telan kasuwa da ke yanka yana ɗinkawa mai kaya na tsaye a kansa. Kowanne akwai abin da ɗayan ba zai iya ba.

Amma tun da Malam ya ce a zo da hujja kada a tsaya a tsakiya, ni ga nawa ra'ayin. In ana maganar zurfin azanci a ɗa guda na waƙa, Narambaɗa ne. In ana maganar wanda ya faɗaɗa abin da waƙar Hausa za ta iya ɗauka, Shata ne, kuma a wurina wannan na biyun ya fi nauyi. Kafin shi, kowane makaɗi da rukuninsa: na sarauta, na maƙera, na mahauta, na 'yan dambe, na manoma, yawanci ma gado ake yi. Shata ba ɗan gidan makaɗa ba ne, bai gada ba, kuma bai yarda a ɗaure shi a rukuni ɗaya ba. Duk mawaƙin yau da ke yin ta soyayya da safe ya yi ta siyasa da yamma, ƙofar da Shata ya buɗe yake bi.

Maman Khalifa:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Tun ɗazu nake karantawa, maza kawai ake ta jerowa kamar mata ba su taɓa buɗe baki ba. Yaya Ɗan Funtuwa, har da kai, ka tsallake 'yar garinku Hajiya Sa'adatu Barmani Choge, Allah ya ji ƙanta, ta rasu a 2013. Ita ba sarkin da ya ɗaure mata gindi, ba doki ba alkyabba. Ƙwarya ce kawai da mata 'yan'uwanta a gidan biki da gidan suna. Amma ta ɗauki abin da ke cin mace a rai, kishiya, haihuwa, zaman banza ba sana'a, ta mayar da shi waƙar da mace za ta yi rawa tana dariya alhali maganar ta soke ta. Mata nawa suka fara ƙosai ko ƙulikuli ko saƙa saboda gorin da ta yi wa mai zaman kashe wando? Kafin ita ga Uwaliya Mai Amada. Wa ke nazarinsu kamar yadda ake nazarin na fada?

Kuma bari in ƙara. Kakata, Allah ya gafarta mata, in ta durƙusa gaban dutsen niƙa da asuba, waƙa take yi, kuma ba wadda ta haddace ba. Abin da aka yi mata jiya shi take sakawa. In surukarta ta ɓata mata rai, ba za ta ambaci suna ba, za ta ce wata kaza ce ta shiga akurkin da ba nata ba, ɗan dutse na tafiya yana komowa, muryarta na bin sa daidai. Duk gidan an san da wa ake, ba kuma mai iya kama ta da laifi. Waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na reno da muka tashi da su, wani ne ya ƙirƙire su, kuma mafi yawa mata ne, sunansu ya ɓace. Ni in ana lissafin gwanaye ina so a tuna da wannan.

Ɗan Funtuwa:
Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri. Barmani tamu ce, kuma a fagen mata ba ta da na biyu.

Maman Khalifa:
Ba a fagen mata kaɗai ba Yaya. A fagen waƙa.

Baba Direba:
Yarana, ni ba malami ba ne, a kan titi na tsufa. Amma akwai abin da ban ji an faɗa ba. Duk waɗanda kuka ambata suna da 'yan amshi da makaɗa a bayansu. Adamu Ɗanmaraya Jos shi kaɗai ne da kuntiginsa, ɗan abu da ba ya cika tafin hannu biyu, tsirkiya ɗaya. Ba mai karɓa masa, ba mai rufa masa asiri in magana ta yanke. Kuma wa ya yi wa waƙa? Karen mota. Yaron da ke kwana ƙarƙashin mota, ya sa wejin taya, ya sha zagin direba da na fasinja, ba wanda ya san sunansa. Ni na yi wannan aikin kafin in karɓi sitiyari, kuma ranar da na fara jin waƙar a rediyo a wata tasha, duk yaran mota da ke wurin shiru muka yi, don ba mu taɓa zaton wani ya lura da mu ba.

Ku saurari Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali, ku saurari Jawabin Aure, ku saurari Gulma Wuya inda shi kaɗai yake fito da mutane daban-daban kowa da maganarsa kamar wasan kwaikwayo. Ba wanda ya biya shi ya yi waɗannan. Yabon mai kuɗi kowa zai iya in an cika masa aljihu. Wanda ya dubi talaka ya ga waƙa a jikinsa, ni shi ne gwanina. Ya rasu a 2015, Allah ya yi masa rahama.

Bagobirin Isa:
Amin Baba. Maganarka ta shige ni. Sai dai ina ganin bai kamata a raina waƙar fada don yabo ce ba. Cikin yabon nan ake gaya wa sarki abin da ba mai iya gaya masa. In makaɗi ya ce kakanka wane bai taɓa cin amanar talaka ba, ai ya ɗaure shi ke nan gaban jama'a. Kuma tarihin gidajen sarauta da yawa a bakin makaɗa ya tsira.

Auta:
Gaisuwa ga manya. Ni yaro ne a nan, amma don Allah a bar mu mu ma mu yi magana. Duk lokacin da aka tayar da wannan zance sai a nuna kamar waƙa ta mutu a 1999. Aminu Ala fa? Mutumin da ya fara da rubuta littattafai kafin waƙa, kuma kana jin baitinsa ka san an zauna an auna shi, ƙafiya ba ta karyewa daga farko har ƙarshe. Ku saurari waƙarsa ta Jami'a. Nura M. Inuwa fa? Samari da 'yan mata nawa ke haddace baitocinsa kamar karatu? Na da ba su damu da ƙafiya ba sosai, kiɗa ke riƙe musu layi. Na yanzu dole ya daidaita ƙarshen kowane layi, ya daidaita da fiyano, kuma cikin minti biyar ya gama labari. Wannan ma gwaninta ce.

Ɗan Funtuwa:
Auta, cire na'urar gyaran murya da fiyano, ka tsayar da su a fili da kalangu awa uku mu gani.

Auta:
Yaya, ai tun farko an ce ba murya ake aunawa ba, tsari ake aunawa. In haka ne na'ura ba ta shigo ciki ba. Na'ura ba ta rubuta baiti.

Malamin Hausa:
Auta ya yi gaskiya a nan, kuma Ala ba daga sama ya faɗo ba. Reshen marubuta ne. Aƙilu Aliyu, mutumin Jega da ya zauna Kano, wanda aka tattara waƙoƙinsa a Fasaha Aƙiliya, in ana maganar sarrafa harshe da wasa da sauti ban san wanda ya kai shi ba. Ga Sa'adu Zungur, ga Mu'azu Haɗeja, ga Abubakar Ladan Zariya da waƙarsa ta haɗa kan Afirka da gidajen rediyo suka yi ta sakawa. Ga kuma Aliyu Namangi, makaho, wanda Imfirajinsa ta shiga bakin mata a cikin gida da almajirai a kan titi, mutanen da ba su taɓa ganin littafin ba. In farin jini ake nema, wace waƙa ta fi wannan shiga jama'a? Waɗannan rera waƙoƙinsu ake yi, ba karantawa a zuci ba, don haka ban ga dalilin fitar da su daga lissafi ba.

Inda nake da ja da na zamani shi ne turke, wato abin da aka gina waƙa a kansa. Kashi mafi yawa soyayya ce, kuma kalmomin su ne dai: zuciya, ruhi, hawaye, numfashi. Haruna Uji ma soyayya ya yi da gurminsa, amma Jummai da ya waƙe mace ce da kake iya gani, da garinsu da tafiyarta. Ta yanzu sau da yawa ba ta da fuska, za ka iya cire sunan ka sa wani ba abin da ya canja.

Mai Kaset:
Assalamu alaikum. Ni sana'ata ce ta sa zan yi magana, na daɗe ina sayar da kaset a bakin tasha kafin waya ta kashe kasuwar. Akwai abin da masu gardamar Shata da Narambaɗa ba su sa a ma'auni ba: abin da aka ɗauka kawai muke aunawa.

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960. Gidan rediyon Kaduna a 1962 ya fara aiki, kaset kuwa sai a 1963 kamfanin Philips ya fito da shi, kafin ya iso kasuwanninmu kuma an ƙara shekaru. Abin da ya rage mana na Narambaɗa 'yan kaɗan ne da aka naɗa a ƙarshen rayuwarsa. Waɗanda nake sayarwa kwafin kwafi ne, ana jin shuu a bayansu, wani wurin sai ka kanga kunne da rediyo kafin ka tsinci kalma. Shata kuwa ya samu faifai, ya samu rediyo, ya samu kaset, ya samu talabijin, kusan shekara arba'in ana ɗaukarsa. Don haka shi mun ji mai kyau da marar kyau, ranar da yake cikin nishaɗi da ranar da ya gaji. Narambaɗa kuwa zaɓaɓɓun kawai muka ji. Wa ya san waƙoƙi nawa ya yi a fadar Isa da suka tafi da waɗanda suka ji su? Kuma wa ya san ko shi ma yana da nasa na jerin sunaye?

A rumfata dai ga yadda abin yake. Direbobin dogon zango Shata suke saya, don kaset ɗaya zai kai su Kano daga Funtuwa ba gyangyaɗi. Dattawa da 'yan sarauta Ɗanƙwairo. Mahauta da 'yan dambe Ɗan'anace, saboda waƙar Shago, wadda ta sa har wanda bai taɓa zuwa gidan dambe ba ya san sunan Shago. Mai neman Narambaɗa ba shi da yawa, amma in ya zo ba ya tayawa, kuma sai ya tsaya ya yi maka bayanin baitin da kai mai sayarwa ba ka gane ba. In zaren ya tsinke, da man farce muke liƙawa mu nannaɗe da biro, don wani kaset ɗin in ya lalace ba inda za ka sake samun irinsa.

Bagobirin Isa:
Alhaji Mai Kaset, Allah ya saka da alheri. Hujjarka mai ƙarfi ce, amma tana yanka ta kowane gefe. In 'yan kaɗan da sunka tsira sun kai haka, ina ga abin da ya ɓace?

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Nijeriya. Mu nan Nijar duk waɗanda kuka ambata namu ne, Shata da Ɗanƙwairo ba gidan da ba a jin su daga Maraɗi har Damagaram. Amma ku kuma ba ku san namu ba. Ma'azu Ɗan Alalo makaɗin fadar Damagaram ne, kuma waƙarsa ta Bodo, kan wani Bafaranshe mai mulki da ya gasa wa mutane aya a hannu da aikin tilas, darasi ce ta yadda ake faɗin ɗaci a gaban mai ƙarfi a kuma kwana lafiya. Ga Ɗan Gurmu na Tawa. In za a yi lissafin gwanayen waƙar Hausa, kada iyaka ta raba shi.

Ɗan Zangon Kumasi:
Gaskiya ne. Mu ma a zango da Shata aka yi renonmu. Ina so in kawo misali daga waje don ya taimaka wa ma'aunin Malam Bagobiri. Bob Dylan na Amurka muryarsa ba ta da daɗi, masoyansa ma sun yarda, amma a 2016 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi saboda kalmomin waƙoƙinsa. Bob Marley ya rasu a 1981 yana da shekara 36 kacal, amma har yau yaron da bai iya Turanci ba a Kumasi ko Kano yana rera shi, don maganarsa gajera ce tana kama zuciya. To ku duba, wannan ita ce gardamarku. Dylan na masu zama su warware baiti ne, Marley na kowa ne. Su ma can ba su gama rabewa ba.

Na Umdurman:
Salamu alaikum daga 'yan'uwanku na Sudan. Abin da ya ja hankalina shi ne maganar Hajiya ta sunayen da suka ɓace. A nan da Masar, in za a sa waƙa a rediyo sai an faɗi mutum uku: wanda ya rubuta baiti, wanda ya sa kiɗa, da wanda ya rera. Ummu Kulsum da duk girmanta ba ita ke rubutawa ba. Ahmad Rami ya rubuta mata da yawa, Riyad Sunbaɗi ya sa wa da yawa kiɗa, kuma kowa ya san su. Muhammad Wardi namu ma baitocin mawaƙan Sudan ya rera, ana kuma ambaton su. A'isha Falatiya, wadda asalinta daga mutanenmu ne na yamma, tana cikin matan farko da suka yi waƙa a rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940. Ina ganin wannan al'ada ta faɗin sunan marubuci ta kamata masu fim na Kano su riƙe ta da kyau.

Auta:
Wallahi Yaya ka taɓo inda ke mana ciwo. A fim ɗin Hausa wani ne zai rubuta, ya koya wa mai muryar mace baitinta a situdiyo, a naɗa, sannan jarumi da jaruma su motsa baki. Gobe a gari sai ka ji ana cewa waƙar jarumi wane. Wanda ya kwana yana neman ƙafiya ba a san shi ba. Ina da aboki da ya rubuta wa wani kamfani waƙoƙi, aka ba shi abin da bai kai kuɗin cefanen mako ba, sunansa ma bai fito a fim ɗin ba.

Maman Khalifa:
Haka muka yi da na Indiya ma. Mun tashi muna cewa waƙar Amita, waƙar Sharukan. Daga baya muka gane Muhammad Rafi da Kishore Kumar da Lata ne ke rerawa. Sai da na girma na san akwai wani Anand Bakshi da ya rubuta dubban waƙoƙi, har da na Sholay na 1975 da na Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995. Shekara ashirin tsakani, alƙalami ɗaya, mu kuma ba mu taɓa jin sunansa ba.

Malamin Hausa:
Wannan ya dawo da mu kan wani abu da ya shafi gwanin Malam Bagobiri kai tsaye. A ƙungiyar kotso 'yan amshi ba maimaitawa kawai suke yi ba. Ku saurari Ɗanƙwairo da kyau, musamman waƙar Sardauna ko ta 'Yandoton Tsafe. Jagora zai fara layi ya sake shi a tsakiya, yara su cafe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu, shi kuma ya dawo ya hau kai. Shi kansa Ɗanƙwairo a ƙungiyar mahaifinsa da ta wansa Kurna ya fara, yana amshi, kafin ya zama jagora. To a zaman bita da ake yi a gida, wa zai rantse cewa kowane layi daga bakin jagora ya fito? Muna cewa waƙar Narambaɗa, waƙar Ɗanƙwairo, amma akwai mutane a bayansu da suka sa hannu, ba mu riƙe sunansu ba. Ta wannan fuskar hujjar Baba Direba ta ƙara ƙarfi, don Ɗanmaraya ba wanda zai ce an taya shi.

Bagobirin Isa:
Malam, na ji, amma ga abin dubawa. Bayan rasuwar manyan makaɗan nan yaransu da ɗiyansu sun ci gaba da kiɗa, da kotso guda, da salon amshi guda, wasu ma da murya mai kama. Me ya sa ba a sake samun Bakandamiya ba? In da ƙullin daga yara yake, da ya ci gaba. Taimako akwai, amma idon da ke ganin inda za a sa kowace kalma na mutum guda ne.

Ɗan Funtuwa:
A nan kam ni da kai bakinmu ɗaya. An yi masu kwaikwayon Shata da yawa, da kalangu da amshi irin nasa, ba wanda ya matso kusa.

Baba Direba:
Akwai ma'auni guda da ban ji kun ɗauka ba, shi ne daɗewa. Waƙoƙin siyasa nawa aka yi mana a zaɓukan nan, kowace mota na sakawa, bayan an rantsar da gwamnati ko mai ita ba ya son ji? Sardauna ya rasu tun Janairun 1966, amma waƙar da Ɗanƙwairo ya yi masa jikokina na jin ta a waya. Ita ma ta yabon mai mulki ce. Bambancin, an sa mata abin da ya fi ƙarfin ranar da aka yi ta. Na yanzu ba na ce ba su iya ba, Auta, amma sai an ba su shekara talatin tukuna a gani.

Auta:
Na yarda da wannan Baba. Amma a riƙa saurarenmu kafin shekara talatin ɗin ta cika.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, muhawara ta yi armashi, kuma na gode da ba a zagi kowa ba. Ga shawara. Tun da Shata da Narambaɗa kowanne yana da Bakandamiya, daren Juma'a bayan isha'i a ɗora su biyun nan. Kowa ya saurara, ya zaɓo ɗiya uku da ya fi so, ya rubuto su da bayanin abin da ya gani a ciki. Alhaji Mai Kaset, ko kana da kwafin Narambaɗa da ya fi fita?

Mai Kaset:
Ina da wanda ya fi na kasuwa, yana cikin akwati. Zan ba yaro ya juya shi zuwa waya kafin Alhamis in sha Allahu. Akwai na Sa'idu Faru ma da ya yi wa Sarkin Kudu Macciɗo, in ana so in haɗa.

Bagobirin Isa:
A haɗa Alhaji. Kuma wanda Sakkwatanci ya yi wa nauyi ya yi tambaya, zan fassara kalmomin da sunka tsufa.

Maman Khalifa:
A sa ta Barmani ta uku. Ni zan kawo ta, kuma ni zan yi bayaninta.